Sassaƙen Gabas da Yamma

A kan kantar littattafan da ke ofishina, tsakanin ƙamusun Bargery da tarin kundayen ɗalibai waɗanda ƙura ta fara naɗa wa rawani, akwai wata tsohuwar ƙwarya a kife. Duk ɗalibin da ya shigo neman sa hannu sai idonsa ya faɗa kanta. Waɗansu su tambaya, waɗansu kuwa su yi murmushi su kau da kai, watakila suna rayawa a zuci cewa dama malamin Hausa ba ya rabo da irin wannan tarkace. Ƙwaryar ta taɓa tsagewa ta gefe ɗaya, gyartai ya ɗinke ta, har yanzu ana ganin sawun basillarsa. A bayanta akwai zane baƙi wanda aka ƙona da bakin wuƙa mai zafi: layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi, da 'yan kusurwoyi a jere kamar haƙoran kifi, sa'an nan can ƙasa, kusa da gindi, wani siririn ganye mai baki kamar na zarto. Wannan ganye shi ne dalilin rubutun nan.

Ƙwaryar ta kakata ce, mahaifiyar mahaifina, wadda duk gidanmu ke kira Dada. 'Yar ƙabilar Tera ce, watau mutanen da ke kiran kansu Nyimatli, kuma an haife ta a wani ɗan ƙauye da ke gaɓar kogin Gongola, a ƙasar da yau ake kira Yamaltu-Deba. Mu mutanen Gombe ba mu da teku, amma muna da gaɓa, ko da yake birnin namu ya daɗe da juya mata baya. Gombe ta farko, wadda Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi, watau Gombe Abba, a bakin Gongola take. Nafada ma, inda Turawa suka mai da mazaunin mulki a 1913, a bakin Gongola take. Sai a 1919 aka tattaro aka dawo Doma, cikin wannan kwari mai yashi inda muke zaune yanzu, nesa da kogi. Dada ita ma irin wannan ƙaura ta yi, sai dai tata ta zo a makare. A shekarun 1980, sa'ad da aka datse kogin a Dadin Kowa, ruwa ya taru ya haɗiye gonakinsu da fadamarsu, mahaifina ya je ya ɗauko ta da 'yan ƙorenta da wuƙaƙenta na zane, ya kawo ta gidanmu a Herwagana. Ina da kamar shekara shida a lokacin.

Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Maigida take ce mini, bisa wasan nan na kaka da jika, ni kuwa in ce ban ga matar da zan aura a jikin wannan tsohuwa mai haƙora uku ba. Ran Asabar da asuba sai in ji ta tsaya a bakin ɗakinmu tana cewa, "Maigida, tashi ka raka matarka daji, ko kuwa in nemi wani mijin?" In tashi ina ƙunƙuni, in ɗauki ɗan gatari da buhu, mu miƙa. A wancan zamani ba sai an yi nisa ba. Bayan Tumfure, inda yau gidaje suka haɗe da juna har ba wurin ɗaure akuya, dajin sabara ne da kalgo da marke, jefi-jefi ga taura ga kanya. Ta gabas kuwa, gindin dutsen Liji, akwai ararrabi da kirya. Kowane icce Dada tana da suna uku gare shi: na Teranci wanda ta tashi da shi, na Fulatanci wanda ta koya a wurin matan Fulani masu tallar nono, da na Hausa wanda zaman birni ya tilasta mata. Ta nuna kuka ta ce ɓokki, ta nuna tsamiya ta ce jaɓɓi, ta nuna aduwa ta ce tanni, sa'an nan ta faɗi na harshenta, wanda ke shiga ta wannan kunne nawa ya fita ta wancan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take ɗibar sassaƙe. In ta isa gindin icce, sai ta yi masa sallama kamar mai shiga gidan mutane, ta yi bisimilla, sa'an nan ta sari ɓawon ta fuskar gabas kamar faɗin tafin hannu, ta zagaya ta sari irin wannan ta fuskar yamma. Shi ke nan. Ko da buhun bai yi rabi ba, ba ta ƙarawa, sai dai mu nemi wani iccen. Kafin mu tafi kuma ta damƙi ƙasa, ta tofa mata yawu ko ta ɗiga mata ruwan gora, ta shafe wurin da ta sara. Wata rana gajiya ta ishe ni, na ce, "Dada, ga icce guda ƙato, mu kwashe na jikinsa duka mu koma gida mana." Ta dube ni ta ce, "Maigida, in aka tuɓe maka riga da wando a tsakiyar hunturu, gobe za a same ka?" Sai da na kai aji uku na sakandare malamin kimiyya ya zana mana a allo yadda abincin icce ke saukowa daga ganye zuwa saiwa ta cikin wani siririn sashe da ke ƙarƙashin ɓawo, ya ce in aka zagaye gindin icce da sara, an yanke masa maƙogwaro ke nan. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa, amma wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa wannan darasi da gabas da yamman Dada ba. Wancan ilimi ne, wannan kuwa camfi. Haka aka raba mana su, haka na karɓa.

Bilhasali ma, a waɗannan shekaru ne na fara jin kunyarta. Abokaina na makaranta in sun zo gidanmu sukan tarar da mata a zaure da jarirai a goye, suna jiran 'yar mai ganye ta ba su dauri, tsakar gida kuwa duk shanyar saiwoyi ce. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta dafa mini tafashiya ta kawo a wannan ƙwarya da ke ofishina yanzu, na jira ta fita na tuttular a makwarara. Ashe tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta ɗauraye, ta kife. Daga ranar ba ta sake tashina rakiyar daji ba, ni kuwa a wautata na ɗauka hutu na samu.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani tsohon masunci ne a can bakin teku. A 2005 aikin bautar ƙasa ya jefa ni Jihar Bayelsa, wadda tagwaye suke da tamu, domin rana ɗaya aka haife su, 1 ga Oktoba, 1996. Aka tura ni koyarwa wani ƙauyen Ijo da ba a isa sai ta kwalekwale. Ɗan Gombe da ya saba da yashi da ƙura, ga shi a inda ƙasa kanta ba ta da tabbas, da safe ruwa ya ciko har gindin ɗakuna, da yamma ya janye ya bar taɓo baƙi ƙirin. Itatuwan wurin, waɗanda Turawa ke kira mangurob, tsaye suke a kan saiwoyinsu kamar masu ɗage riga za su ƙetare rafi. Tsohon da nake faɗa shi ne maƙwabcina, da Turancin buroka muke gaisawa, har sabo ya sa ya fara ɗaukata a jirginsa in ba makaranta. A idona duk itatuwan iri ɗaya ne. A idonsa kuwa kowanne da sunansa da aikinsa: wannan da shi ake banda kifi domin yana ci ko da ɗanye ne, wannan ɓawonsa ake dafawa a rina koma don kada ta ruɓe da wuri, wannan kuwa kakanninsa kan ƙone shi su tace tokar su sami gishiri, kamar dai yadda matanmu ke tace tokar kara. Ga tukurwa, wadda ke ba su jinka da igiya da tabarma. Ya nuna mini inda kifi ke zuwa ya yi ƙwai a tsakanin saiwoyi, ya ce nan ba a jefa koma a wasu watanni, wanda duk ya jefa sai dattawa sun ci shi tara.

Wata rana muka ratsa wani mashigi inda ɗanyen mai ya taɓa malala. Itatuwan sun bushe a tsaye, fari fat, babu ganye babu tsuntsu, ruwan yana wani ƙyalli mai launin bakan gizo. Tsohon ya daina tuƙi, ya yi shiru, sa'an nan ya shiga kiran sunayen abubuwan da dā ke wurin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lissafa mamatan gidansu. Shekaru bayan haka, a 2011, na karanta cewa hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni kaɗai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A cikin jirgin nan dai, abin da ya faɗo mini a rai shi ne taswirar da muka zana a firamare. Gongola ya gangara ya faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, Kwara ya rarrabu ya shiga teku ta waɗannan mashigai. Ashe ruwan da ya wuce ta ƙofar ƙauyen su Dada shi ne ke ƙarƙashin jirgin da nake zaune. Na yi tafiyar kwana biyu a mota, na zo ina sauraron baƙo da baki buɗe, alhali na baro irinsa a zauren gidanmu ina jin kunyarta.

Daga baya, lokacin da nake karatun digiri na uku, karance-karance suka kai ni ga labarin mutanen Haida, mazauna waɗansu tsibirai a gaɓar yammacin Kanada. Rayuwarsu ta rataya ne a kan wani ƙaton icce da ake kira sida. Da gangar jikinsa suke sassaƙa jirage da dogayen ginshiƙai masu siffofin hankaka da gaggafa, waɗanda ke ɗauke da tarihin zuriya, da ɓawonsa kuma mata ke saƙa huluna da kwanduna da tufafi. Abin da ya sa na ajiye littafin na yi tagumi shi ne bayanin yadda matan gaɓar nan ke ɗibar ɓawon. Sukan yi wa iccen magana tukuna, su gode masa, sa'an nan su ɓare tsiri guda ta fuska ɗaya, su bar sauran don ya rayu. Har yau akwai itatuwa a dazukansu masu ɗauke da tabon da hannun kakanni ya bari, kuma ana kafa hujja da su a kan cewa ƙasar tasu ce tun fil azal. Gwamnatin Kanada ta haramta babban bikinsu na rabon kyauta daga 1885 har zuwa 1951, aka kwashe kayan fasaharsu zuwa gidajen tarihi na Turai da Amurka. Duk da haka a 1985 tsofaffinsu suka fito cikin tufafin gargajiya suka tsaya a kan hanyar masu sarar katako, aka kama su, daga ƙarshe aka keɓe wannan yanki na kudancin tsibiran aka hana sara. Tsohuwar Haida ba ta taɓa jin labarin tsohuwar Tera ba, tsakaninsu akwai teku da rabin duniya, amma hannunsu ya tsaya a wuri ɗaya.

Kada mai karatu ya zaci zan ce duk abin da ya fito daga daji alheri ne. Dajin da ya ba mu sabara shi ya ba mu tururubi da zaƙami da kwankwani da ake dafin kibiya da shi. Masuntan Gongola ma suna da magimfa, wadda in aka daka aka zuba a ruwa kifi ke tasowa a sume. Ina kuma cikin masu takaicin magorin zamani, wanda ke kafa lasifika a bakin tasha yana sayar da jarka guda mai maganin cuta arba'in, babu awo babu ƙa'ida. Dada tana da awo. Abin da yatsu uku suka ɗauka na babba ne, na yatsu biyu na yaro, mai ciki kuwa akwai jerin abubuwan da ko ta yi kuka ba za ta ba ta ba. Sa'an nan tana da iyaka, kuma a kan idona na ga wannan iyaka.

Da kakar 2012 ƙanena yana yankan dawa a gonarsa wajen Kumo, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Wannan ɗan maciji, wanda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, shi ne annobar manoman kudancin Gombe, kuma dafinsa hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zub da jini ta ciki da waje. Abokan aikinsa, saboda sun san sunan Dada, suka ɗora shi a mota suka yiwo arewa da shi zuwa Gombe. Aka kira ni, na iso na tarar an shimfiɗe shi a zaure, ƙafa ta kumbura, mutane sun cika, kowa yana jiran tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da abin da ta ɓoye don irin wannan rana. Ta fito da sandarta, ta ɗaga leɓensa ta dubi dasashinsa, ta ga jini yana tsattsafowa. Ban taɓa jin muryarta ta yi tsauri kamar ranar ba. Ta ce, "Kun baro Kaltungo a bayanku kuka zo wurina? Maigida, ta da motarka." Wani dattijon maƙwabci ya ce, "Haba Dada, ko ɗan jiƙo a ba shi ya riƙe shi a hanya." Ta ce, "Malam, ba ni da shi. Wanda ya ce yana da shi, ya bari sai ɗansa ya kwanta."

Muka kama hanyar Yola, muka sake wuce Kumo, muka wuce Billiri, ita tana baya ta ɗora kansa a cinyarta. A Kaltungo, inda aka daɗe da shahara da jinyar saran maciji, aka ɗebi jininsa aka zuba a 'yar kwalba aka ajiye minti 20, aka karkata ta, jinin ya kwarara kamar ruwa. Nan take aka sa masa allurar kashe dafi. Daga baya na sami labarin yadda ake yin ta a wancan lokaci, abin mamaki: a kama macizan a nan ƙasarmu, a kai su Libaful ta Ingila a tatsi dafinsu, a riƙa sa wa tumaki a Birtaniya ko dawaki a Kosta Rika kaɗan-kaɗan har jininsu ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a tace maganin daga jinin a dawo mana da shi a kwalba. Kwana huɗu aka sallame mu. A hanyar dawowa ne Dada ta ba ni labarin da ko mahaifina bai sani ba. Tana budurwa kububuwa ta sari yayanta a fadama, mahaifiyarsu, wadda ita ta koya mata duk abin da ta sani, ta gwada kowace saiwa da ke gaɓar, ya yi kwana shida yana zub da jini ya cika a hannunsu. Ta ce tun ranar uwar ta kafa mata sharaɗi, in ta ga jini a dasashi kada ta yaudari kowa.

Wannan tafiya ita ta karya sauran girman kan da ke gare ni. Na dawo aji kuma na tarar da ɗaya rabin matsalar tana jirana. Ina koyar da karin magana ga 'yan aji biyu, na rubuta a allo: ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Na nemi sharhi. Duk wanda ya ɗaga hannu sai ya yi bayanin yaro mai yawan kuka da ke sa a zagi mahaifiyarsa. Ba su yi kuskure ba, amma cikin ɗalibai fiye da tamanin babu wanda ya hango ɗaya fuskar, watau ɗan itacen kuka da ke reto a sama, wanda saboda shi yara ke jifan uwar. Rabin daɗin maganar ya tafi ke nan. Na ce inuwar giginya fa, me ya sa na nesa ke shan ta? Shiru. Na tambayi wanda ya taɓa ganin marke da idonsa, hannu huɗu suka tashi, ukunsu daga ƙauye suka zo. Icce ɗaya da kowa ya sani shi ne dogon yaro, shi kuwa baƙo ne daga Indiya. Ban ga laifinsu ba. Adabin da muke koyarwa a daji aka haife shi, kirarinsa da tatsuniyarsa da waƙarsa cike suke da gawo da gamji da ƙirya da magarya, mu kuwa muna ta fassara kalmomi ga yaran da ba su taɓa tsayawa a inuwar abin da kalmar ke nufi ba.

Ni ɗin ma da nake tsaye gabansu da digiri uku, ina na fi su? Sunayen itatuwan da nake taƙama da su a takardun taro daga littafin wani likitan Turawa na kwaso su, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Aikinsa abin yabo ne, ba don shi ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma ararrabin nan da Dada ke sassaƙa a gindin dutsen Liji, a littattafan kimiyya na duniya sunan Dalziel yake ɗauke da shi, *Boswellia dalzielii*, tsofaffin da suka kama hannunsa suka nuna masa kuwa ba mu taɓa haddace sunan ko ɗaya daga cikinsu a aji ba. Haka na buɗe littafin da Marla Berns da Barbara Rubin Hudson suka fitar a 1986 kan zanen ƙorai na Arewa maso Gabashin Nijeriya, na ga zane irin na ɗakin Dada an ɗauke shi hoto da kyau, ƙoren kansu suna ajiye a Los Anjalis, namu kuwa an musanya su da kwanon samira, samira ta ba roba wuri. Paul Newman, wanda kowane ɗalibin Hausa ya san shi da babban littafin nahawunsa na shekarar 2000, da harshen Tera ya fara, ya buga nahawunsa a 1970. Ba'amurke ya ƙetaro teku ya koyi harshen kakata, ni jikanta ban wuce gaisuwa ba. Kuma kada a ce abin ba shi da daraja a kasuwar zamani. Maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta fitar a shekarun 1990, mai suna Niprisan, daga haɗin wani mai maganin gargajiya aka samo shi, cikinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi. Tu Youyou ta ƙasar Sin kuwa da tazargade ta ci kyautar Nobel a 2015.

Saboda haka da daminar 2017 na sayi sabon littafin rubutu, na cika wayata da caji, na shiga ɗakin Dada na ce ta faɗa mini duk itatuwan da ta sani in rubuta. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Maigida, yau kuma ni ake bi? To, ba a kiran icce a ɗaki. Kai ni in gan su, su gan ni." Ta haura tamanin a lokacin, ido ya fara hazo. Na sa ta a mota muka bi hanyar Biu. Tumfure da Liji ba su taso ba, domin abin da gini ya rage gawayi ya cinye. A hanya muka yi ta gamuwa da motoci shaƙe da buhunan gawayi, ta tambaye ni ko wane icce ne, na ce yawanci ƙirya da marke, ta ce, "Ƙirya da maƙera ke roƙo kafin su sara?" Ban gaya mata labarin madobiya ba, wadda a waɗannan shekaru ake ta yankewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin, har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobi ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

A dajin Kanawa, wannan ɗan kurmi mai idon ruwa da ya tsira a gefen hanya, tsohuwa ta koma yarinya. Ba da ido take gane su ba. Ta shafa ɓawo, ta murtsuke ganye ta shinshina, wani ta ɗanɗana ta tofar, sa'an nan ta faɗi suna uku, da lokacin ɗiba, da abin da ake haɗawa da shi, da wanda ba a ba. Ina ta rubutu hannuna yana rawa, wayar tana ɗauka. Muka tarar da wani maɗaci a bakin hanya an zagaye shi da sara tun daga gindi har inda hannu ya kai, ya bushe. Ta daɗe tana shafa shi, ba ta ce kome ba, ni ma ban tambaya ba.

Da la'asar muka isa Dadin Kowa. Na riƙe hannunta muka tsaya a inda ake hango ruwan, shimfiɗe har iyakar gani, masunta suna ta kai da kawowa. Ta ɗaga sandarta ta shiga nuna tsakiyar ruwa. Can giyayya take, can tafashiya, can ɗinyar da suke wasa a gindinta, can kabarin yayanta. Sai na tuna da tsohon masuncin Bayelsa a cikin jirginsa. Daga nan ta faɗi wani suna da Teranci, ta maimaita. Na ce mene ne sunansa da Hausa? Ta ce ba shi da shi. Da Fulatanci fa? Ta ce Fulani ba su san shi ba, domin shanu ba sa ci. Wani ɗan tsiro ne da ke fitowa a kan yashin gaɓa bayan kogi ya yi ambaliya ya janye, ya yi 'yan makonni ya ɓace, da shi uwarta ke haɗa ruwan wankan jego. Tun da aka datse kogin ya daina cika da janyewa irin na dā, ba ta sake ganinsa ba. Ta ce, "Ai ka san shi, Maigida. Shi ne a gindin ƙwaryar da ka zubar mini da magani." Shekara fiye da ashirin ba ta taɓa ta da maganar ba sai ranar.

Mun yi niyyar komawa da kaka mu bi gaɓar ta ƙasan madatsar, sai yajin aiki ya ƙare, karatu ya taso, jarrabawa ta biyo, na ce sai baɗi. Baɗi ta zo ƙafafunta suka ƙi. Allah ya yi mata rasuwa a watan azumin 2019, Allah ya jiƙanta. Abin da ya rage a hannuna shi ne suna 74 a littafi, waɗanda na rubuta na Terancinsu da kunnen Bahaushe, har wani dattijo daga Deba da na nuna wa ya ce kusan rabinsu sai ya ji muryar kafin ya gane abin da nake nufi, sai kuma sa'a uku da 'yan mintoci na muryarta a waya, da ƙwarya guda.

Watan jiya na ɗauki 'yata, mai shekara goma, muka shiga layin masu magani a tsohuwar kasuwa, ita ke rungume da ƙwaryar. Muka bi rumfa-rumfa ina kunna musu wurin da Dada ta faɗi sunan. Mutum biyar suka girgiza kai, ɗaya ya ce yana da shi, ya miƙo mini garin da ko makaho ya san sabara ce. Can ƙarshen layi muka sami wata tsohuwa 'yar wajen Hinna tana ƙulla saiwoyi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, don Allah ki saurari wannan." Ta kara wayar a kunne, ta ce in sake, na sake har sau uku. Sa'an nan ta karɓi ƙwaryar daga hannun yarinyar, ta juya gindinta, ta bi zanen ganyen da farcenta. Ta ce rabonta da jin wannan kalma tun uwarta na da rai. Ta ce ba a kawo shi kasuwa, domin in ya bushe ya tashi daga aiki, amma akwai wani tsohon masunci a garinsu da ke bin yashin da ke ƙasan madatsar, in akwai wanda zai san inda ya rage, shi ne. Ta ce, "Ɗana, ka zo bayan ruwa ya ja, kafin sanyi ya sauka. Kada ka wuce haka. Kuma ka zo da wannan," ta nuna 'yata da haɓa, "don na ga ita ce ke kallon ganyen, kai wayar kake kallo."

Da muka fito yarinyar ta karɓi littafin ta rubuta sunan yadda kunnenta ya ji, a ƙarƙashin nawa, rubutun namu bai zo ɗaya ba. Lokacin da tsohuwar ta faɗa ya faɗo daidai makon jarrabawar zango na biyu. Na riga na rubuta wa shugaban sashe takardar neman izinin kwana biyu, na kuma sami abokin aikin da zai tsaya mini a ɗakin jarrabawa.